Dennis ko Marsandi: wace tsohuwar motar kashe gobara ta dace da kasuwa?

Wani aminina da ke cikin kwamitin 'yan kasuwa a nan Kano ya turo mini hotuna biyu bayan sallar isha'i, ya biyo su da saƙon murya. Wai tun da wuta ta cinye musu layi biyu a hunturun bara suka fara karo-karo, yanzu kuɗi sun taru, suna son su mallaki motar kashe gobara tasu ta kansu ko da ta gwanjo ce. Dillali ya kawo musu guda biyu, kusan sa'annin juna. Ta farko ja ce jawur, a durƙushe, mai faffaɗan goshi, an rubuta DENNIS a gabanta, samfurin da ake kira Sabre, daga Ingila. Ta biyu Marsandi Atego ce daga Jamus, mai tsawo, tayoyinta manya, an manna mata 1328 AF a ƙofa. "Malam, kai da ka tsufa a garejin manyan motoci, wacce za mu ɗauka? Ni dai ta Ingilar nan ta shiga raina."

Ni ma ta shiga raina, kuma da dalili. Motocin nan biyu ba jinsinsu ɗaya ba. Atego motar kaya ce. Kamfanin ya ƙera ta ne don ta ɗauki lemo, siminti ko shara, sai wani kamfanin daban ya sayi kanta da shasinta, ya ɗora mata tanki da famfo da akwatunan kayan aiki. Ita kuwa Sabre tun daga takardar zane aka yi ta don gobara, ba ta taɓa zama wani abu ba. Wanda zai zaɓa tsakaninsu ya kamata ya san abin da wannan bambancin ya haifar, da kuma dalilin da ya sa su kansu Turawan Ingila suka daina ƙera irin ta farkon.

Kamfanin Dennis 'yan uwa biyu ne suka kafa shi, John da Raymond Dennis, a garin Guildford a shekarar 1895, kuma da kekuna suka fara. Motar kashe gobararsu ta farko ta fito a 1908, birnin Bradford ne ya saye ta. Abin da ya fito da sunanta shi ne famfonta. A lokacin yawancin injinan kashe wuta da fistin suke tura ruwa, ruwan ya riƙa fita yana tsalle, mesa tana bugun hannun mai riƙe da ita. Dennis suka sa famfo mai farfela da ke juyawa, ruwa ya fita da ƙarfi ɗaya babu yankewa. Irin wannan famfon ne ke bayan kowace motar kashe gobara a yau, har da Marsandin da ke cikin hoton Alhaji, aminin nan nawa.

Daga nan sunan Dennis ya zama kamar shi ne sunan motar 'yan kwana-kwana a Ingila. Bayan yaƙin duniya na biyu sun yi shekaru suna sa wa motocinsu injin fetur na Rolls-Royce, don gudu. A ƙarshen shekarun 1970 suka fito da samfurin RS da SS, inda suka bar tsohon kan mota mai firam ɗin katako suka koma na ƙarfe zalla, domin idan mota ta kife mutanen ciki su fita da rai. Wannan shi ne tunanin da ke bayan ƙirar musamman gaba ɗayanta. Motar kaya direba ɗaya take ɗauka da yaronsa, tana tafiya a natse. Motar gobara kuwa mutum shida take ɗauka, suna sa kaya a cikinta tana gudu, ga ruwa kusan tan biyu yana kai-komo a bayansu, direba kuma yana shan kwana da saurin da ba a yi motar kaya dominsa ba.

A 1991 suka kai wannan tunani ƙarshensa da wata mai suna Rapier. Maimakon dogayen ƙarafa biyu da aka saba gani a ƙarƙashin kowace babbar mota, sai suka haɗa mata firam da bututun ƙarfe, suka ba kowace tayar gaba nata hannun da sifirin ɗinta mai naɗi kamar na ƙaramar mota, suka sauke nauyinta ƙasa sosai. Direbobin da suka tuƙa ta sun yabe ta a kan kwana da birki. Amma tana da tsada, kuma kayan da ake ɗora wa motar gobara kullum ƙaruwa suke yi: almakashin yanke motar da ta yi haɗari, janareto, fanka mai korar hayaƙi, kayan sinadarai. Rapier ba ta iya ɗaukar wannan lodin duka. Shi ya sa a 1995 aka fito da Sabre, wadda ta koma shasi irin na gargajiya mai ɗaukar nauyi, amma ta riƙe gajartar da faɗin ɗakin ma'aikata. Injinta Cummins ne mai silinda shida, doki wajen 260, giyarta Allison ce mai canza kanta, tankinta lita 1,800. Ta yi aiki a gundumomin Ingila da yawa, ta yi a Dublin, an kai ta har Singafo da Hong Kong.

A 2007 aka daina ƙera ta, kuma daga ita Dennis ba su sake yin motar gobara ba. Ba wai ta lalace ba ne ko ta ci amanar kowa. Lissafi ne ya kashe ta. Kamfanin da ke yin motoci 'yan ɗaruruwa, duk lokacin da Turai ta tsaurara dokar hayaƙin inji sai ya sake zane, ya sake gwaji, ya raba kuɗin a kan 'yan motocin nan. Scania da Volvo da MAN da Marsandi kuwa a kan dubun dubatar motoci suke raba nasu. Suka kuma koyi darasi daga Dennis ɗin, suka fara yin kan mota mai ƙofa huɗu tun daga masana'anta, suka gyara birki da giya, har tazarar ta ragu. Ga shi kuma suna da gareji a kowane babban gari, mai buɗewa dare da rana saboda direbobin tirela. Hukumar kashe gobara ta Landan ta koma Volvo, daga baya ta koma Atego a farkon shekarun 2000. Shi kansa kamfanin ya shiga wata haɗaka mai suna TransBus da ta durƙushe a 2004, abin da ya tsira ya zama Alexander Dennis, masu yin bas. A Amurka ne har yau ƙirar musamman take da kasuwa, inda kamfanoni irin su Pierce da Seagrave ke yin kan mota da shasi nasu na kansu, domin kasuwar can tana da girman da za ta ciyar da su.

Na ba Alhaji wannan tarihin ne don ya gane abu guda: idan birnin Landan da ke nesa da Guildford da tafiyar kusan awa ɗaya ya ga kayan gyara da gareji sun isa dalilin barin Dennis, mu da ke nan sai mu yi tunani sau biyu. Amma ban fara da kayan gyara ba. Na fara da ruwa.

Lita 1,800 a baki tana da yawa. Ka mayar da ita jarka mai lita 25, ta zama jarka 72, wato kurar 'yan ga-ruwa shida idan kowace tana ɗaukar jarka 12. Babbar mesa guda mai fitar da lita 400 a minti za ta zuƙe wannan cikin minti huɗu da rabi. Famfon da ke bayan irin waɗannan motoci na Ingila, wanda yawanci kamfanin Godiva ke yi, yana iya tura lita 2,250 a minti ko fiye, ka ga ke nan da za a buɗe shi gaba ɗaya tankin ba zai kai minti ɗaya ba. Wannan ba kuskuren masu zane ba ne. A birnin Ingila kowane titi yana da bakin famfon gobara a binne a ƙasa, da ɗan allo ruwan ɗorawa mai harafin H yana nuna wurinsa. Aikin tankin shi ne ya riƙe wuta na 'yan mintunan da mutum biyu za su ruga su buɗe murfin su jona mesa. Motar famfo ce mai taya, ruwan yana jiran ta a can. A kasuwarku, Alhaji, wane ruwa ne ke jiran ta?

Ita ta Jamus, a takardunta an rubuta TLF 16/25. Jamusawa suna da kirki a nan, domin sunan motar kansa yana gaya maka abin da ka saya. Harufan na nufin motar kashe wuta mai tanki, lambar farko ƙarfin famfo ce, ta biyu girman tanki, kowace ka ninka ta sau ɗari: famfo mai lita 1,600 a minti, tanki mai kusan lita 2,500. Jarka ɗari ke nan, minti shida da 'yan daƙiƙu da babbar mesa guda. Famfonta bai kai na Sabre ba, amma famfon da ya fi ƙarfin ruwan da kake da shi ado ne kawai. Akwai yayarta, TLF 24/50, mai famfon lita 2,400 da tanki kusan lita 5,000 da ɗan tankin kumfa, tana ɗaukar mutum uku kacal domin an ba ruwa wurin da mutane za su zauna. An yi ta ne don manyan hanyoyi da dazuka da masana'antu, inda babu famfon titi. Da dillalin ya kawo wannan, da ban tsaya dogon bayani ba.

Akwai wani lissafin da ba a cika yi ba sai ranar da abin ya faru. Duk motocin nan biyu faɗinsu ya kusa mita biyu da rabi. Babu wadda za ta shiga lungun kasuwa inda rumfa ta ci hanya, ga teburan masu kayan koli, ga kura an jingine. A bakin titi za ta tsaya a ja mesa. Mesar Ingila mai faɗin milimita 70, kowace mita ɗaya tana shanye ruwa kusan lita huɗu kafin ta cika. Idan wutar tana mita 200 daga inda mota ta tsaya, lita 770 ta tafi a cikon mesa kawai, ɗigo ɗaya bai taɓa wuta ba. Abin da ya rage a tankin Sabre bai fi na minti biyu da rabi ba. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, ko ta babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a farkon 2021, ya san abin da minti biyu da rabi ke nufi a gaban shagon katifa ko na atamfa.

A nan dai dole in yi wa Sabre adalci, domin tana da wani makami da ya dace da mai ƙarancin ruwa. Famfon Ingila hawa biyu ne. Ban da manyan bakuna, yana da wani sashe mai matsi sosai da ke ciyar da siraran mesa biyu na roba, a naɗe a kan gargare, ɗaya a kowane gefe. Mutum ɗaya zai ja ta da gudu ba tare da jona komai ba, ruwan ya fita kamar hazo mai ƙarfi, yana cin wajen lita ɗari da wani abu a minti. Da wannan tankin zai kai kwata na awa. Yawancin gobarar ɗaki da ta mota a Ingila da ita ake kashe su. Idan motarku tana kwana a bakin kasuwa, da ma'aikata a farke, ta isa wurin tun wuta tana shago ɗaya, wannan siririyar mesa ta fi komai amfani. Motocin Jamus ma suna da mesar gaggawa a naɗe, sai dai da yawansu da matsin famfo na yau da kullum suke aiki, sun fi shan ruwa. A tambayi dillali wane iri ne a kan wannan Atego ɗin.

Sai hanya. Gajartar da ta sa Sabre ba ta kifewa a kwana, ta sa ma'aikaci mai ɗauke da tulun iska a baya yake sauka ba tare da ya karya ƙafa ba, ita ce za ta sa cikinta ya daki ƙasa a kan kwalbatin da ya karye ko tudun rage gudu irin wanda 'yan unguwa ke yi da kansu. Tayoyin baya ne kaɗai ke ja. Harufan AF da ke ƙofar Marsandin kuwa suna nufin tayoyinta na gaba da na baya duk suna ja, kuma an shirya ta don aikin gobara. 13 ɗin nauyinta ne da lodi, tan 13, 28 ɗin kuma doki 280. Tana da tsawo daga ƙasa, za ta ratsa yashi da taɓon damina, za ta gangara bakin kududdufi ta zuƙi ruwa ta fito. Kuɗin wannan tsawon shi ne sai an bi ta a hankali. Doguwar mota mai ruwa a ciki, musamman tanki rabi, idan aka sha kwana da gudu ruwan yakan taru gefe guda ya ɗaga ta. Na taɓa ganin tankar ruwa ta kwanta a shataletale a gudun da bai kai na mai keke ba, direban ya fito yana rantsuwa bai taka wuta ba, kuma gaskiya ya faɗa. Idan kun ɗauki Atego, wanda zai tuƙa ta ya zama tsohon direban tanka, ba yaro mai zafin ƙafa ba.

Sitiyari ma magana ce. Sabre ta Ingila a dama yake. Najeriya ta koma bin hannun dama tun 2 ga Afrilun 1972, Gana ta bi a 1974, Nijar da Kamaru da Cadi kuwa da ma can haka suke. Dokar hanya ta Najeriya ba ta yarda da rajistar mota mai sitiyari a dama ba, don haka duk wanda ya ce muku za a yi wa motar gobara sassauci, ya kawo a rubuce kafin ku biya. Ko an ba ku izini, direban da ke zaune a dama ba ya ganin abin da ke tahowa idan zai wuce wata motar, kuma motar gobara aikinta ke nan, wuce motoci. Juya sitiyarin Sabre ba kamar juya na ƙaramar mota ba ne da ake yi a Kwatano, domin babu wata irinta a bola da za a ciro kayan hagu daga jikinta. Ta Jamus a hagu take tun asali.

Yanzu kayan gyara, kuma a nan labarin bai yi muni kamar yadda wasu ke zato ba, bai kuma yi daɗi ba. Dennis ba su ƙera injin Sabre ko giyarta ba, saye suke yi. Injin Cummins mai lita 8.3 da ke cikin Sabre na farko-farko ɗan uwan wanda ke cikin manyan janaretoci ne a masana'antu da asibitoci, kuma ana yin irinsa a Chaina tare da kamfanin Dongfeng, don haka fistin da ringi da gasket da nozul ba za su gagara ba. Na ƙarshe-ƙarshen suna da inji mai kwamfuta, wanda ke son mai gyara da na'ura. Giyar Allison tana da ƙarfi, tana daɗewa, amma tana son mainta na musamman da tacewa a kan lokaci, kuma ranar da ta ƙi shiga, ba kowane mai gyaran giya ne zai yarda ya buɗe ta ba. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da Dennis suka yi da hannunsu: gilashin gaba, ƙofofi da makullansu, lagireto, fitilu, allon mita, wayoyin lantarki, ƙarafan da ke riƙe da kan motar. Ka je Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo ka ce kana neman gilashin gaban Dennis Sabre, za a tambaye ka ko sunan mutum ne. Dutse ɗaya daga hannun yaro ya isa ya ajiye motar wata uku. Atego kuwa tun 1998 ake yin ta, ta cika hanyoyin Afirka ta Yamma, injinta OM 906 sananne ne, kuma Marsandi tsohon ɗan gida ne tun zamanin da ake harhaɗa manyan motocinsa a Inugu. Bakanike zai buɗe ta ba tare da ya yi addu'ar neman tsari ba.

Akwai wata tsohuwar mota da ke ba da shaida a kan wannan. A tsakanin 1953 da 1956 gwamnatin Birtaniya ta sa aka yi wasu korayen motocin famfo a kan shasin Bedford irin na soja, don shirin ko-ta-kwana idan an jefa bam ɗin nukiliya. Green Goddess ake ce musu. Ba su da gudu, ba su da taimakon sitiyari, ba su da wani jin daɗi. Amma sojoji sun fito da su sun yi aiki lokacin yajin aikin 'yan kwana-kwana a 1977, suka sake fito da su a 2002, suna da shekara kusan hamsin. Da aka tashi sayar da su daga 2004, da yawa Afirka suka nufo. Abin da ya raya su shi ne babu wani abu a jikinsu da bakaniken Bedford bai sani ba.

Kada kuma ƙarancin kilomita ya ruɗe ku, domin shi dillali zai fara nuna muku. Motar gobara ba ta tafiya mai nisa, amma tana tashi a sanyaye ta fita da gudu, sannan ta tsaya wuri ɗaya inji yana kuka awa da awanni yana juya famfo. Akwai agogon awannin famfo a allon baya, shi za a duba. A nan tarihin aikin kowace mota yake da muhimmanci. Hukumomin Ingila sukan yi ritayar mota bayan shekara 12 zuwa 15, kuma Sabre da ta yi aiki a babban birni ta sha fita dare da rana, ta sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, wanda ke cin ƙarfen ƙasa. Mafi ƙuruciyarsu ta 2007 ce. A Jamus yawancin ƙauyuka da ƙananan garuruwa 'yan sa-kai ne ke kashe gobara, motarsu takan yi shekara 25 a cikin ɗaki mai rufi, ana goge ta kamar amarya, ana fita da ita jefi-jefi. Irin wannan kuma tata cutar ita ce zama: robobi su bushe, tayoyi su tsattsage alhali zanensu bai goge ba, birki ya kama. Kowace taya tana da lamba huɗu a gefe da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Ku karanta, ku sa kuɗin sababbin tayoyi shida a cikin lissafi.

Gwaji ɗaya nake so a yi wa kowace kafin a yi maganar kuɗi, kuma ba ya buƙatar ko ɗigon ruwa. A toshe bakin zuƙo ruwa da murfinsa, a rufe duk bakunan fita, a kunna ɗan injin da ke zuƙe iska daga cikin famfo har allurar ma'aunin matsin famfon ta sauka zuwa 0.8 a ɓangaren ƙasa da sifiri, sannan a kashe a zuba wa allurar ido minti ɗaya. Idan ta koma baya fiye da 0.1, famfon yana shan iska. Mai famfon titi zai iya lallaɓa irin wannan, domin ruwa ne ke zuwa masa da ƙarfinsa. Ku da za ku zuƙo daga tafki ko kududdufi ko rami, famfon da ke shan iska ba zai ɗago muku komai ba. Ku kuma sani cewa ko sabon famfo ba ya ɗago ruwa daga zurfin da ya wuce mita bakwai zuwa takwas, kuma ƙarfin da aka rubuta masa a zurfin mita uku aka auna shi. Rijiyar burtsatse ba ta ciyar da motar gobara kai tsaye, sai dai ta cika tafki a hankali, motar ta sha daga tafkin.

Sai ƙaramin abu mai kunyata mutane a gaban jama'a: bakin mesa. Na Ingila namiji da mace ne, ana tura ɗaya cikin ɗaya ya ƙulle da kansa. Na Jamus, wanda ake kira Storz, ba shi da namiji ba shi da mace, ana haɗa fuska biyu a murɗa. Na Faransa daban ne, na Amurka mai zare ne. Ba ɗaya da ke shiga ɗaya. Ranar gobara motarku ba ita kaɗai za ta yi aiki ba, motocin hukuma za su zo, tankokin kamfanoni za su zo. Kafin ku saya, ku je ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa da ku, ku gaishe su, ku ga irin bakin da suke amfani da shi, ku sayi mahaɗa aƙalla huɗu ku ɗaure a cikin motar. Da ma kuna buƙatarsu don horar da yaranku.

To wa Sabre ta dace da shi? Masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa, mai kwalta a ciki, mai tafkin ruwa nata da bututun gobara a kewaye, wadda da ma tana da janareton Cummins da mai gyaransa a kan albashi, kuma motar ba za ta riƙa fita babban titi ba. A irin wannan wuri famfonta mai ƙarfi zai sami ruwan da zai tura, gajartarta ba za ta dame ta ba, ma'aikata shida za su fita da kayansu cikin sauƙi. Ko a nan ɗin zan ce a sayi biyu, ɗaya ta yi aiki, ɗaya a ajiye ta a inuwa ana cirar kaya a jikinta.

Kasuwa kuwa, Marsandin. Na gaya wa Alhaji haka, na ƙara masa da abin da bai tambaya ba. Ko ita ɗin minti shida ce. Idan kuɗin da suka tara zai sayi motar ya ƙare, gara su nemi mai araha, ragowar su haƙa tafkin siminti a ƙasa, biyu ko uku a kusurwoyin kasuwar, kowane ya ci lita 50,000, wanda zai ba babbar mesa guda aiki na awa biyu. Su sami tsohuwar tankar ruwa, Howo ko DAF, mai lita 10,000 ko fiye, da za ta riƙa bin motar a baya. Su ware albashin direba biyu da ma'aikata na dare da rana, da man dizal da ba a taɓa shi sai da sa hannun mutum biyu, da cajar batir da ke jone kullum, domin na ga motar gobara sabuwa fil da aka tura da hannu ranar da aka neme ta.

Ya yi shiru a waya, sannan ya ce, "Malam, ka rage mini daɗin jar motar nan." Na ce ya sa dillalin ya ɗauko bidiyon gwajin allurar na duka biyun, minti ɗaya cur ba tare da an yanke ba, da hoton agogon famfo, da hoton ƙarƙashin kowace da fitila a haske, ya kuma tambaye shi ko zai samo 24/50. Yau kwana tara ke nan. Na Marsandin ya iso tun a rana ta biyu, allurar ta ɗan motsa amma ba ta wuce iyaka ba. Na Dennis ɗin, dillalin ya ce mai riƙe da makullin ya yi tafiya.